Tambayoyi Ashirin da Kujerar Iya Mansura

A Tsamiyar Dalhatu, nan tsakanin Kura da Bunkure, duk takardar da ta zo da sunayen mutane a jere, bango ake kai ta. Haka muka saba. Ta taki ce, ta irin shinkafa ce, ta injin ban ruwa ce, Fatihu sakataren ƙungiyar masu shan ruwan kanal zai dama ɗan sitaci ya shafa mata, ya manna a jikin ofis, kowa ya zo ya gani da idonsa, don kada gobe a ce an cire sunan wani an sa na ɗan'uwa. Dabarar ba ta da laifi, ta kashe rigima da yawa a garin nan.

To wata Talata ana tsakiyar noman rani, albasa ta fara ɗaura kai, sai ga ɗan acaɓa da ambulan daga ofishin wata ƙungiya da ke cikin Kano. Fatihu ya buɗe ya ga sunayen mata goma sha huɗu, kowace da lamba a gabanta, can sama kuma dogon Turanci. Akwai wasiƙa a haɗe, ita ma da Turanci. Ya cusa ta a aljihu, ya ce in ya dawo daga gona ya zauna ya duba a tsanake. Jerin sunayen kuwa ya manna shi nan take.

Sunan Iya Mansura ne na farko, kuma lambarta ta fi ta kowa.

Bari in gaya muku wace ce Mansura. Shekara tara ke nan da rasuwar mijinta, ita take noma ekarsa ɗaya, kuma ekar tana can ƙarshen kanal. Wanda bai san aikin ban ruwa ba zai ce gona gona ce. A'a. Masu gona a kan kanal, inda ruwan madatsar Tiga yake fara shigowa, su muke kira 'yan kai, su sha su ƙoshi. Na ƙarshe su ne 'yan wutsiya, sai abin da ya rage yake gangaro musu, wani lokaci ma ba ya gangarowa. Shekara uku da suka wuce 'yan wutsiya suka tsayar da Mansura ta zauna musu a kwamitin da ke raba ranakun ruwa, don ita ce ba ta jin nauyin kallon idon kowane Alhaji ta ce masa ya rufe tiyonsa. Kafin ta zauna, rana ɗaya ake ba su a mako. Da ta zauna ta yi ta faɗa har ya koma biyu. Wannan kujerar ita ce albasarsu, ita ce tumatirinsu.

Ranar Talatar nan murna aka yi ta yi. Mata suna shiga gidanta suna cewa, "Iya, injin ya fito, ke ce ta ɗaya!" Ita kuma tana cewa Allah ya sa na kowa ya fito. Washegari wani malamin firamare ya tsaya da kekensa a gaban ofis, ya karanta Turancin da ke sama, ya sake karantawa, sannan ya ce da masu zama a wurin, "Wannan fa ba ta inji ba ce. Cewa aka yi waɗannan matan suna da ciwon damuwa mai tsanani, a kai su ga likita."

Kafin la'asar, ciwon damuwa ya zama taɓin hankali a bakin mutane. Kafin magariba ya zama hauka. Don Allah ku duba mini wannan abu! Ko da a ce mace tana da damuwar, mahaukaciya ce? Fatihu ya ruga ya yage takardar, ya zaro wasiƙar ya kai wa malamin, ashe ciki cewa aka yi sirri ne, a gayyaci matan ɗaya bayan ɗaya. Amma ina, an riga an ɗauka a waya, har Kumbotso an gani.

Asalin abin, wata biyu kafin nan wasu 'yan mata daga ƙungiyar Kanon nan suka zagayo ƙauyukanmu da wayoyi, suna yi wa matan manoma tambayoyi ashirin. Kowace tambaya ki ce a'a, ko jefi-jefi, ko sau da yawa, ko kullum. Sun sami Mansura a gona tana cirar ciyawa, ta amsa musu tsakani da Allah, har ta ba su tumatir suka tafi da shi.

Ranar Alhamis da safe Alhaji Jaji, shugaban ƙungiyar masu shan ruwa, mai eka huɗu a kan kanal, ya yi sallama a zaurenta. Murya ƙasa-ƙasa, kamar mai gaisuwar mara lafiya.

"Malama Mansura, ya jiki?"

"Wane jikin, Alhaji?"

"To, ai mun gani. Lafiya gaba take da komai. Mun ce jibi Asabar a zauna a sauƙaƙa miki wannan wahalar ta kwamiti, ki samu ki huta."

"Na ce maka na gaji?"

"Ba ke kika faɗa ba, masana ne suka auna."

Ya tafi ya bar ta tsaye. Abin da ya fi ƙona mata rai kuwa, 'yan wutsiyar da take yi wa faɗa ko ɗaya bai leƙo ba. Cikin mata goma sha huɗun nan, goma sha uku daga gidajensu suke. Kowa ya shige gida da kunyarsa, yana fata a manta da sunan matarsa.

Da azahar Ummul-Khairi ta sauka daga a-daidaita-sahu da jakar kwamfuta a kafaɗa. 'Yar ƙanwar Mansura ce, ta yi karatun halayyar ɗan Adam a jami'a, kuma ita ƙungiyar Kanon nan ta ɗauka aikin tantance amsoshin. A waya ta ga hoton bangon, ba ta ma san an fitar da sunaye ba.

"Ke ce kika rubuta ni mahaukaciya?" in ji Mansura, ko tabarma ba ta shimfiɗa mata ba.

"Wallahi Iya ban gama aikina ba suka aiko. Zauna in nuna miki."

"Ni zan gane abin kwamfuta?"

"Za ki gane. In aka nuna miki fangali ashirin daga nesa, ba ki ga kanal ba, ba ki ga tiyo ba, yaya za ki san ko ruwa ɗaya suke sha?"

Mansura ta harare ta. "Sai in zuba ido kwana biyu. In sun jiƙe tare sun bushe tare, ruwansu ɗaya. In wasu sun jiƙe wasu na ƙishi, to hanya biyu ce."

"Shi ke nan aikina gaba ɗaya. Damuwa ba a ganinta, amsoshi kawai ake gani. Masu tambayoyin nan sun ce duk ashirin ɗin daga damuwa suke sha, shi ya sa suke tara makin su ce ga adadin damuwar mutum. Ni kuma aikina in duba ko gaskiya ne a nan wurinmu. Mata ɗari uku da goma sha biyu aka tambaya a ƙauyuka goma sha ɗaya. Sai in sa kwamfuta ta duba waɗanne tambayoyi ne suke hawa tare su sauka tare. Duk gungun da ta samu, akwai wani abu ɓoyayye da yake shayar da shi. Mu fakta muke ce masa."

Ta juyo mata da fuskar kwamfutar. Layi ashirin, kowanne da lambobi biyu a gabansa.

"Kin ga nan? Goma sha ɗaya sun kama hanya ɗaya. Kuka ba dalili, jin ba ki da amfani, abin da yake faranta miki rai ya daina, irin waɗannan. Wannan ita ce damuwar da ake nema. Sauran taran kuma sun ware, sun kama tasu hanyar. Rashin barci, farkawa da faɗuwar gaba, saurin fushi, sa-in-sa da mutane, tunanin gobe, daina zuwa biki da suna, ciwon jiki, mantawa da abinci, ganin wahalarki tana tafiya a banza."

"Duk na ce musu kullum. Ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ba. Maki ashirin da bakwai kika kwasa a nan, huɗu kacal a ɗaya ɓangaren, aka haɗa aka ce talatin da ɗaya. Da na rasa abin da yake shayar da taran nan, sai na tuna an rubuta lambar gonar kowace mace. Na jera su daga kan kanal zuwa ƙarshe. Iya, yadda ake gangarawa haka makin yake hawa, a duk ƙauyukan."

Mansura ta daɗe tana kallon layukan. Sannan ta ce, "Wato ƙishin albasata suka auna."

"Shi ya fi yawa a ciki. Ban ce ba ki da abin da ke damunki ba, wannan sai wanda ya zauna da ke ya sani. Amma takardar nan ba ta isa ta faɗa ba."

"To ki je ki ce su rubuto haka. Jibi ne."

Juma'a da sassafe Ummul-Khairi ta shiga ofishin mai kula da aikin, wani Malam Taufiq, mai fara'a da tabarau. Ta ajiye masa komai. Ya duba, ya gyara tabarau, kuma don Allah ya gane, tunda shi ma ya yi karatun.

"Amma Ummul-Khairi, an gwada ma'aunin nan a ƙasashe tara."

"An gwada shi a Bunkure, Yallaɓai?"

"Ki sa kwamfutar ta fitar da fakta ɗaya mana, a ga."

"Na sa. Bai zauna ba, taran nan lilo suke yi, lambobinsu ko kusa ba su kai ba. Na raba matan gida biyu, na gwada a rabin farko, na tabbatar a rabi na biyu. Biyu ne dai."

"To ki rubuta a ƙarshen rahoto, a ce ana bukatar ƙarin bincike."

"Ba shi kaɗai ba ne. Akwai mata goma sha tara da suka cika maki a tambayoyin damuwar ta gaskiya, amma suna barci, ba sa faɗa da kowa, gonakinsu na kan kanal. Jimillarsu ba ta kai ba, ba wanda zai kira su. Cikinsu har da waɗanda suka ce gara su mutu."

Nan ya cire tabarau. Ya ce wannan kam za a duba, ta ba shi lambobinsu ya tura wa ma'aikaciyar lafiya yau ɗin nan. Ta ba shi. Sannan ta ce saura wasiƙa, layi uku kawai, a ce jerin da aka aika an janye shi.

"Wannan sakataren naku ne ya yi ɓarna. Mun rubuta sirri ne."

"Da Turanci, Yallaɓai. Ga mutumin da shekara goma duk abin da kuka aiko masa mannawa yake yi, kuma ku kuka ce ya riƙa mannawa."

"In na sa hannu a wannan wasiƙar, na ce aikin wata shida bai inganta ba ke nan. Ba ni da wannan ikon. Akwai taro da manya ƙarshen wata, zan kai maganar."

"Gobe za a cire ta."

"Ki ba ta haƙuri."

Haƙuri! Kun ji fa. Su aika sunan baiwar Allah kafin su gama gwada mudunsu, sunan ya zaga gari, sannan a ce ta yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. Tura takardar bai nemi izinin manya ba, janye ta ce take nema.

Asabar bayan la'asar aka taru a ƙarƙashin mangwaron gaban ofis, masu gona ashirin da tara, ban da shugaba. Mansura ta zo da mayafinta na zuwa unguwa, Ummul-Khairi na biye da ita. Alhaji Jaji ya buɗe da addu'a, ya yabi Mansura yabo mai tsawo irin wanda ake yi wa wanda za a sallama, sannan ya ce a kawo sunan wanda zai maye gurbinta. Ummul-Khairi ta ɗaga hannu.

"'Yata, kin zo da takarda daga ofishinku?"

"A'a, Baba, amma ni na yi lissafin, zan iya nuna..."

"Mu takarda muka gani mai hatimi. In sun canza magana su aiko da mai hatimi. Ke kuma 'yarta ce, dole ki kare ta, ba mu ga laifinki ba. Zauna."

Wasu suka gyaɗa kai. Yarinyar ta zauna idonta ya kawo ruwa. Sai Mansura ta miƙe.

"Alhaji, har yanzu ina kan kujerar ko an riga an cire ni?"

"Kina kai."

"To ina da magana. Ku tashi ku jeru yadda kuke jeruwa ranar yashe kanal, kowa daidai gonarsa. Nan gindin mangwaro ne kan ruwa, katangar can ce wutsiya."

Aka fara gunaguni. Wani ya ce ga shi nan an fara gani. Amma jerin nan kowa ya san wurinsa a ciki, shekara da shekaru a haka suke tsayawa da shebur, don haka da mutum biyu suka tashi sai ƙafafun sauran suka kai su. Bilya mai tumatir ya tsaya kusa da Alhaji a gindin mangwaro. Can jikin katanga Malam Dattijo, tsoho mai gona maƙwabciyar ta Mansura, wanda sunan matarsa ne na uku a takardar, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ummul-Khairi ta jawo bakin mayafinta. "Iya, ba haka ake yi ba fa. Mutum talatin, a bainar jama'a..."

"Ke yi mini shiru, ki karanto min taran nan ɗaya-ɗaya."

Ta karanto ta farko a hankali, Mansura ta ɗaga murya. "Wanda ya san a watan nan barci yana gagararsa, ya ɗaga hannu. Ku ji tsoron Allah, yanzu muka idar da sallah."

Ba wanda ya motsa. Aka ji kukan injin casar shinkafa daga bakin titi. Can sai hannun Malam Dattijo ya tashi, a hankali, bai ɗago kai ba. Usaini da ke gefensa ya ce, "Kai, ni ko na rana ba na samu," ya ɗaga nasa. Sai na kusa da shi, sai na gaba, har abin ya zo tsakiyar layi ya tsaya.

"Wanda yake farkawa gabansa na faɗuwa."

Hannuwan dai su ne.

"Wanda ya yi sa-in-sa da wani a makon nan."

Wannan karon har Bilya ya ɗaga daga gindin mangwaro. Mansura ta ce, "Kai kuma da wa?" Ya ce, "Da surukina, kan akuya." Aka kwashe da dariya, har da waɗanda suka zo da fuska a ɗaure.

Haka ta bi su har tara. Wanda ya daina zuwa ɗaurin aure don tsaron ruwa. Wanda yake wuni bai tuna da abinci ba. Wanda yake ganin wahalarsa tana tafiya a banza. A ta ƙarshen nan Usaini hannu biyu ya ɗaga. Daga gindin mangwaro zuwa mutum na goma kuwa, in ban da akuyar Bilya, hannuwa a aljihu suka wuni.

"To Alhaji," in ji Mansura, "ga su nan. Waɗannan tambayoyin ne suka kai sunana bango. In hauka ne, ka ga inda ya fara, daidai gonar Mustapha, inda ruwa yake fara ƙarewa. Sai ka cire mu duka ka zauna kai da Bilya ku raba."

Alhaji Jaji ya ce shi ba likita ba ne, kuma wasa daban takarda daban. Malam Dattijo ya ɗago kai a karo na farko.

"Alhaji, matata kwana huɗu ba ta fita ko ɗiban ruwa ba saboda takardar nan. Ni ma na yi shiru, na ji kunya, Allah ya yafe mini. Ba abin da ke damunta sai abin da ke damuna. A ƙirga hannu kawai."

Fatihu ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Goma sha shida suka ce ta zauna. Goma sha uku suka ce a cire ta. Goma sha uku! Mutanen da suka tsaya a layin nan suka gani da idonsu, har da biyu daga tsakiya waɗanda su ma sun ɗaga hannu sau tara. Ɗayansu da aka tambaye shi daga baya cewa ya yi, ko ma mene ne, ai masu ilimi ba za su buga hatimi a banza ba.

Alhaji ya ce to Alhamdulillahi, jama'a sun yi magana, ya ɗaga hannu zai shafa fatiha a tashi. Mansura ta riga ta zauna a bencin kwamiti, ta tattare mayafinta a cinya.

"Ba a tashi ba, Alhaji. Ciyawar kacalla ta toshe kanal daga ƙaramar gada zuwa ƙasa, ko an sako mana ruwan ba zai wuce ba. Fatihu, ɗauko biro. Wa da wa za su fito da lauje ranar Litinin? A fara rubutawa daga gindin mangwaro."